Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

A cinikin gida akwai wata 'yar gajeriyar magana da takan rufe bakin kowa: "Na sayar maka da shi a yadda yake." A ƙasashe irin su Amurka rubuta ta ake yi ɓaro-ɓaro a takardar yarjejeniya, kowa ya sa hannu. A wajenmu sau da yawa da baki ake faɗar ta, ko dillali ya taƙaita ta da cewa, "Alhaji, ga gida nan dai ka gani da idonka." Ko an rubuta ko an faɗa, manufar ɗaya ce: mai gida ba zai gyara komai ba, bai ɗauki alkawarin komai ba, duk abin da ya biyo baya na wanda ya saya ne.

Abin da ke rataye a kan wannan magana yana da nauyi. Yawancin mutane sau ɗaya suke sayen gida a rayuwarsu. Kuɗin da ake zubawa na iya zama na sallamar aikin shekara 35, ko rabon gadon marayu, ko na gona da shanun da aka sayar, ko bashin bankin da za a yi shekara 30 ana biya. Wanda ya sayi rigar da ba ta yi masa ba sai ya kyautar da ita. Wanda ya sayi gidan da aka gina a kan tsohon kududdufin da aka cike da shara kuwa, shi da 'ya'yansa ne za su kwana a ƙarƙashin rufin. Saboda haka tambayar ta cancanci a tsaya a kanta: da me mutum ya yarda sa'ad da ya ce ya karɓi gida a yadda yake? Da aibin da babu wanda ya sani kaɗai, ko har da wanda mai gida ya sani ya yi gum da bakinsa?

Abin da nake gani shi ne, wannan sharaɗi yana ɗauke wa mai sayarwa nauyin gyara, yana ɗauke masa nauyin abin da bai sani ba, amma ba ya ɗauke masa nauyin faɗin abin da ya sani. Shi kuma mai saye, sharaɗin yana ɗora masa nauyin da ya kamata ya san girmansa kafin ya miƙa kuɗi.

Aibi kashi uku ne

Na farko shi ne wanda ke fili: ƙofar da ta karye, fentin da ya koɗe, tsagar bangon da yaro ma zai gani. Wannan babu gardama a kansa. Wanda ya shiga ya gani kuma ya taya, ya riga ya sa shi a lissafi.

Na biyu shi ne wanda ya ɓuya wa kowa, kamar bututun ruwan da ya fara tsatsa a cikin ƙasa, ko garar da ta shiga katakon rufi ba ta kai ga nuna kanta ba. Mai gida bai sani ba, mai saye bai sani ba. Ranar da abin ya bayyana dole wani ya ɗauki asarar, kuma amfanin sharaɗin na gaskiya ke nan: yana faɗin wanda zai ɗauka tun da wuri. Mai saye ya ce na ɗauka, amma a rage mini kuɗi. Wannan cinikin mutunci ne, domin su biyun duhu ɗaya suke ciki.

Masu sayarwa da yawa ba su da wata hanya sai wannan. Magadan da suka tashi a wani gari ba su san halin gidan kakansu ba. Bankin da ya karɓe gida saboda bashi bai taɓa kwana a cikinsa ba. Tsohuwar da ba ta da kuɗin sauya kwano ba za ta iya yin alkawarin gyara ba. In aka hana su wannan sharaɗi an hana su sayarwa ke nan, an kuma hana mai ƙaramin ƙarfi samun gida mai rahusa da zai riƙa gyarawa a hankali. Araha ba ta ado, amma ta rufa wa mutane da yawa asiri.

Na uku shi ne tushen rigima: aibin da mai gida ya sani, mai saye kuma ba zai gano shi ba ko da ya zagaya gidan sau goma. Ruwan da ke cika tsakar gida har gwiwa duk watan Agusta, alhali a watan Maris ake cinikin. Rijiyar da ke ƙafewa da bazara. Takardar da hukuma ta aiko cewa hanya za ta bi ta kan zauren. Ɗan'uwan da bai yarda da rabon gado ba, yana shirin zuwa kotu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A nan ɗaya ya sani, ɗaya bai sani ba, kuma kuɗin da aka sallama a kansa ya dogara ne a kan wannan rashin sani.

Gardamar ta tsufa

A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, Sisero, lauya kuma ɗan siyasar Rum, ya rubuta wa ɗansa littafi a kan haƙƙoƙin da ke wuyan mutum. A ciki ya kawo misalin mai gidan da ya san gidansa yana jawo ciwo, akwai macizai a ɗakunan kwana, katakon kuma maras kyau ne, amma babu wanda ya san haka sai shi. In ya yi shiru ya sayar da tsada, ya yi laifi?

Sisero ya haɗa masana biyu gardama a kan tambayar, malami da ɗalibinsa. Malamin, Diyojinis mutumin Babila, yana ganin babu laifi muddin bai yi ƙarya ba. Hujjarsa ita ce babu wanda ya tilasta wa mai saye, kuma babu wautar da ta kai mai kaya ya sa a yi shelar aibin kayansa a kasuwa. Ɗalibin, Antifata, ya ƙi yarda. A wajensa, barin mutum ya faɗa asara kana kallo ya fi munin ƙin nuna wa ɓatacce hanya. Sisero ya goyi bayan ɗalibin, ya kuma bambanta shiru da ɓoyewa: ba kowane shiru ne laifi ba, laifin shi ne ka so wanda abin ya shafa ya zauna cikin rashin sani domin ribarka ta fito daga nan.

Sai ya kawo shari'ar da aka yi a birnin Rum. Wani mai suna Kalaudiyus Sentumalus yana da gini a kan ɗaya daga cikin tuddan birnin. Malaman addininsu masu duba tashin tsuntsaye don neman ishara suka umarce shi ya rushe saman ginin, saboda yana tare musu gani. Maimakon ya rushe, sai ya sa ginin a kasuwa bai faɗa wa kowa ba. Wanda ya saya aka kawo masa umarnin, ya rushe, daga baya ya gano ashe tun kafin ciniki aka ba wancan takarda. Alƙalin da ya saurari ƙarar, Markus Kato, ya yanke cewa tunda mai sayarwa ya sani bai faɗa ba, sai ya biya asarar. Duk wanda ya taɓa ganin jan fentin hukuma a jikin katanga, ya kuma ga yadda ake shafe shi da farin fenti kafin a kira dillali, ya san wannan labari bai tsufa ba.

Yadda kotunan Amurka suka sauya ra'ayi

Amurka, inda sharaɗin ya fi shahara a rubuce, ta gaji tsohuwar ƙa'idar Ingila mai cewa mai saye ya yi hattara. Ta daɗe a kan ra'ayin Diyojinis. A 1942 babbar kotun jihar Masacusets ta saurari ƙarar wani da ya sayi gida a hannun banki a 1938, bayan kusan shekara biyu ya tarar gara ta cinye shi. Ya ce bankin ya sani. Kotu ta amince cewa ƙorafin nasa yana taɓa zuciya, amma ta ce shiru kaɗai ba ya sa a kama mai sayarwa. Mutumin ya tashi a tutar babu.

A 1963 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta ɗauki wata hanyar. An sayar da wani gini a San Faransisko da sharaɗin a yadda yake, masu saye suka yi ƙara cewa an ɓoye musu cewa wasu sassansa an gina su ba bisa ƙa'ida ba, kuma hukuma ta riga ta sa ginin a jerin waɗanda ba su cancanci zama ba. Kotu ta ce ma'anar sharaɗin ita ce mai saye ya karɓi abin da ido zai iya gani, ba ya zama garkuwa ga wanda ya ɓoye abin da ya sani.

A 1985 kotun ƙolin jihar Fulorida ta ƙara fito da maganar fili. Wasu ma'aurata sun yi cinikin gida a kan dala 310,000, suka ba da kafin alƙalami. Matar ta ga tabo a silin da fulastar da ta kumbura a gefen taga, mai gidan ya ce ƙaramar matsala ce da aka daɗe da gyarawa. Kwanaki kaɗan bayan masu gidan sun tashi aka yi ruwa mai ƙarfi, matar ta shiga ta tarar ruwa na kwarara ta taga da silin har ta wajen fitilu. Kotu ta ce a mayar musu da kuɗinsu, ta kuma kafa ƙa'ida: duk abin da mai gida ya sani, wanda ke rage darajar gidan sosai kuma ba ya ganuwa cikin sauƙi, wajibi ne ya faɗa.

Shari'ar da ta fi ba mutane mamaki ita ce ta 1991 a jihar Niyok. Wata mata a garin Nayak ta yi shekaru tana ba da labarin cewa akwai fatalwa a gidanta, har an buga a mujallar Reader's Digest da jaridun yankin. Wani baƙo daga birni ya yi cinikin gidan a kan dala 650,000 da sharaɗin a yadda yake, bai san labarin ba. Da ya ji sai ya nemi a warware. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta shiga binciken ko akwai fatalwar ko babu ba. Abin da ta duba shi ne, matar ce da bakinta ta ba gidan wannan suna, sunan yana shafar kuɗinsa, kuma babu wani maginin da zai duba bango ya gano shi. Sai ta ba mutumin damar neman warware cinikin.

Har yanzu dokokin jihohin Amurka sun bambanta, wasu sun fi wasu tsanani. Amma akwai abin da ya game ƙasar duka: dokar tarayya ta 1992 ta wajabta wa mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 ya faɗi abin da ya sani game da fenti mai gubar dalma, ya kuma ba mai saye damar kwana 10 ya sa a duba. Rubuta "a yadda yake" ba ya soke wannan, domin ƙananan yara gubar ta fi yi wa illa, su kuwa ba su sa hannu a takardar kowa ba.

Abin da littattafan fiƙihu suka ce

Malaman Musulunci sun tattauna wannan mas'ala tun ƙarni na farko, suna kiran ta cinikin barranta daga aibi. Asalinta hukuncin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. A zamanin da ake cinikin bayi, Abdullahi ɗan Umar ya sayar da wani bawa a kan dirhami 800 da sharaɗin barranta. Wanda ya saya ya tarar da ciwo a jikinsa, ya kai ƙara wajen Halifa Usmanu ɗan Affan. Halifa bai ce sharaɗi ya gama magana ba. Ya nemi Abdullahi ya rantse cewa bai san da ciwon ba a lokacin ciniki. Abdullahi ya ƙi rantsuwa, abin da malamai suka ɗauka tsantseni ne, ya karɓi bawan, daga baya ya warke a hannunsa aka saye shi dirhami 1,500. Tambayar da Halifa ya yi ita ce tambayar da kotunan Kalifoniya da Fulorida suka dawo kanta bayan fiye da shekara 1,300: ka sani ko ba ka sani ba?

Mazhabobi sun bambanta a kan faɗin sharaɗin. Hanafiyya sun yarda da shi a kowane kaya, duk da cewa ɓoye aibi haramun ne a wajensu ma. Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa, sun ƙuntata shi ƙwarai, ba su ba shi hurumi a cinikin gida yadda ake zato ba. Sun raba aibin gida uku: ɗan ƙarami da ba ya rage kuɗi, babu komai a kansa; matsakaici, kamar tsagar bangon da ba a tsoron za ta rushe gidan, a mayar wa mai saye gwargwadon abin da ya ragu; babba, a warware ciniki in ya so. Muhtasar na Halilu ya ba da misalin rijiya mai ruwan zartsi a unguwar da rijiyoyi ke da daɗi. Shehu Dardiri, malamin Masar da ya rasu a 1786, ya lissafa mugun maƙwabci da yawan kuɗin cizo da tururuwa, har ma da gidan da aka sani da aljanu, cikin abubuwan da ake mayar da gida saboda su. Mutumin garin Nayak da a gaban alƙalin Malikiyya ya kai ƙararsa, da babu wanda zai yi mamaki.

Akwai kuma wata ƙa'idarsu mai zurfi: wanda ya san aibi dole ya ambace shi da sunansa ko ya nuna shi, ba ya halatta ya dunƙule shi. Wato cewa "gidan nan fa duk ya lalace, in kana so ka saya" ba bayani ba ne. Mai saye zai ɗauka salon magana ne, ko kurin mai kaya. Wanda ya san ginshiƙin da ke riƙe da bene ya tsage, ya ɓoye wannan a cikin kalmar "duk ya lalace", ya yi amfani da gaskiya ya yi yaudara.

Hujjar mai sayarwa

Ya kamata a ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa. Mai sayarwa zai ce: na rage kuɗi, kuma rangwamen shi ne bayanina. Duk mai hankali ya san gidan da aka karya wa farashi akwai dalili. Zai ƙara da cewa in sai ya lissafa kowace ƙusa da ta yi tsatsa, ba zai taɓa sayarwa ba, kuma shi ma haka aka sayar masa.

A cikin maganarsa akwai gaskiya. Babu wanda ya ce a lissafa ƙusoshi. Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da ka san in ya ji zai fasa, ko zai rage tayi sosai, shi ne abin faɗa. Mai gida ya fi kowa sanin wannan abu, domin shi ne wanda gabansa ke faɗuwa in mai saye ya doshi wajensa. Batun rangwame kuwa, rangwame yana nuna akwai matsala, amma ba ya faɗin girmanta. Wanda aka rage wa miliyan biyu yana zaton kwano zai sauya, alhali tushen ginin ne ke nutsewa, bai yarda da abin da ya saya ba. Yarda ba ta tabbata a kan abin da aka hana ka sani. Cewa "ni ma haka aka yi mini" kuwa ba hujja ba ce, bayani ne na yadda cuta ke yawo daga hannu zuwa hannu.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan wayo, wato ƙin sani da gangan. Mai gida ya ga silin ya fara lanƙwasa, sai ya ƙi kiran kafinta ya hau ya duba, domin gobe ya iya dafa littafi ya rantse bai sani ba. Wataƙila ya tsira a kotu. Amma wanda ya kau da kai don kada ya gani, ya riga ya san akwai abin gani. Mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya faɗi zarginsa: "Na ga alama a nan, ban bincika ba."

Nauyin da ke kan mai saye

Duk wannan ba ya mayar da mai saye jariri. Wanda ya karɓi sharaɗin ya ce ne ya yarda idonsa ya zama mai tsaronsa, don haka sai ya yi amfani da idon. Ba a cinikin biri a sama. A Amurka mai saye yakan ɗauki ƙwararren mai duba gida da kuɗinsa, ya kuma sa a rubuta cewa in rahoton bai yi masa ba yana iya janyewa a cikin 'yan kwanaki. Sharaɗin a yadda yake ba ya hana wannan. Gyara kawai ya hana nema. Inda hatsarin ya fi yawa shi ne gwanjon gidajen da aka ƙwace saboda bashi, inda sau da yawa ba a ma barin mutum ya leƙa ciki.

A wajenmu ma hanyoyin a buɗe suke. Mutum ya zo da magininsa da kafintansa, ba na mai gida ko na dillali ba. Ya je unguwar da damina, ko ya tambayi inda ruwa ke bi in an yi mamako. Ya lura da sabon fentin da ya tsaya a gindin bango kaɗai. Ya duba masai da magudanar ruwa da wayoyin lantarki. Ya zauna da maƙwabta da mai unguwa. Ya bi takardun zuwa ofishin ƙasa, domin a Najeriya dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa sauya hannun filin da ke da takardar shaidar gwamnati sai da amincewar gwamna, kuma gida mai kyan gini da ruɓaɓɓiyar takarda ya fi mai yoyo hatsari. Sannan ya yi tambayoyi kai tsaye a gaban shaidu, a rubuta amsoshin: ruwa yana shiga? Akwai mai da'awar gado? Hukuma ta taɓa aiko da takarda? Tambaya tana toshe maɓoyar mai shiru, domin daga nan sai dai ya faɗi gaskiya ko ya yi ƙarya muraran.

Babban abokin gābar mai saye sau da yawa zuciyarsa ce. Ya gaji da haya, ya ga gida kusa da makarantar yara, matarsa ta riga ta zaɓi ɗakinta. Sai ya ga tsaga ya ce fulasta ce. Irin wannan shi ma ƙin sani ne da gangan, kuma ba daidai ba ne ya dawo daga baya ya ɗora wa wani laifin abin da ya gani ya kau da kai.

In kuwa ya bincika iyakar iyawarsa, mai gida ya faɗi abin da ya sani, bayan shekara bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, to mutunci shi ne ya ɗauki asararsa. Rangwamen da ya karɓa kuɗin wannan ranar ne. Wanda ya ci rangwame sannan ya dawo yana tara wa mai gida jama'a a kan abin da babu wanda ya sani, shi ma ya ci amanar yarjejeniya.

Ma'aunin kuma yana juyawa. Wani lokaci mai saye ne ya fi sani: ya ji za a kawo kwalta ko kasuwa unguwar, ya tarar da gwauruwar da bashi ya taso wa, ya ce zai taimaka ya karɓi gidan a yadda yake, da rabin kuɗinsa. Wanda yake neman a faɗa masa gaskiya in zai saya, sai ya tambayi kansa ko shi yana faɗa in shi ne ya sani.

Asarar ta kowa ce

Ɓoye aibi ba mutum ɗaya yake cuta ba. A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin abin da ke faruwa a kasuwar tsofaffin motoci in mai sayarwa ya fi mai saye sanin kaya. Tunda mai saye ba ya iya bambance mai kyau da maras kyau, sai ya taya kowace mota da kuɗin zargi. Mai mota mai kyau ya ga ba za a biya shi darajarta ba, sai ya janye. Kasuwa ta cika da ruɓaɓɓu, zargi ya ƙaru. Wannan nazari yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Haka abin yake a cinikin gida: kowane mai gida da ya shafe alamar ruwa da fenti ya rage wa gidan maƙwabcinsa mai gaskiya daraja.

Wasu ƙasashe sun nemi magani ta hanyar sa bayani ya riga ciniki. A Sikotilan, tun watan Disamba na 2008, mai sayarwa ne ke samar da rahoton ƙwararre a kan halin gidan kafin ya sa shi a kasuwa, duk mai sha'awa ya karanta. Wannan yana taimakon wanda ba shi da kuɗin ɗaukar injiniya, wanda kuma shi ne ya fi sayen gida a yadda yake, shi ne kuma asara ta fi karyawa.

Inda babu irin wannan doka, mutane ne ke tsaya wa juna. Dillalin da la'adarsa ta dogara da faɗuwar ciniki yana cikin jarrabawa a kullum, amma dillalin da aka san yana faɗin aibi shi ne wanda ake sake nema, ana kuma turo masa 'yan'uwa. Maƙwabcin da aka tambaya ya ce "ba ruwana" alhali ya sha taya masu gidan kwalfar ruwa da tsakar dare, ya ba da tasa gudummawar. Shiru ma magana ce.

Akwai abu ɗaya da mai saye ya kamata ya riƙe. Daga ranar da damina ta farko ta wuce a kansa, ya zama mai ɗaki. Ya san kusurwar da ake ajiye bokiti, ya san bangon da ke jiƙewa, ya san watan da rijiya ke ja baya. Wata rana shi ko 'ya'yansa za su kira dillali, wani baƙo zai shigo da rani yana duba ɗakuna yana murmushi. A ranar ne za a san abin da yake nufi da "a yadda yake": yadda gidan yake a idon baƙo, ko yadda yake a saninsa.